Gogen da Na Kai Bakin Murhu

Kokand,
Talata, sha ɗaya ga Fabrairu.

Zuwa ga ƙanena Tursunali, Baban Nafosat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi mini afuwa tun kafin ka fara karantawa. Na san mutumin da ke wuni a kan gini cikin sanyin Surgut, can ƙasar waje, ba ya bukatar a ɗora masa doguwar takarda a kan gajiyarsa, kuma da akwai yadda zan sauke wannan magana ba tare da na dame ka ba, da na yi. Duk kiran da ka yi a waya cikin watan nan ce maka nake yi lafiya lau, Nafosat tana makaranta. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi gaskiyar duka ba, kuma abin yana tsaya mini a rai duk lokacin da na hau sallaya. Bakina ya kasa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina fata kana lafiya, da kai da mutanen garinmu da kuke kwana ɗaki ɗaya. Allah ya tsare ku daga faɗuwa da ciwo, ya sa albarka a guminku, ya dawo mana da ku da ƙafafunku. Tarin nan da na ji kana yi a waya bai yi mini daɗi ba, don Allah ka daina fita da wuya a buɗe. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, kunnen kuma ya ƙara nauyi, sai an matso an ɗaga murya, amma tana cin abinci, tana sallarta a zaune. Kwana arba'in ɗin tsakiyar sanyi na bana ya yi tsanani, gas ya yi rauni tun farkon Janairu, muka koma murhun ƙarfe da kwal kamar zamanin Baba. Itacen inabin tsakar gida na binne shi da wuri saboda sanyi, ina sa ran bai mutu ba. Yaran da ke zuwa karatu wurina da hantsi sun kai tara yanzu, biyu sun shiga izu na uku. Nafosat kuwa lafiyar jikinta ƙalau, ta ƙara tsawo har ta wuce ni. A kanta ne zan yi maka magana, kuma laifin da ke cikin maganar nawa ne, ba nata ba.

Kai ba ka taɓa ganin abin da take kaɗawa ba sai a hoto, don shekarar da ka tafi ita ce shekarar da ta shiga makarantar fasaha. Su suna kiransa kontrabas, mu a gida ƙaton goge muke cewa. Ya fi ta tsawo, a tsaye ake rungumarsa, tsirkiyarsa huɗu kowace kamar igiyar shanya. Ka tuna piyano ta je nema aka ce babu gurbi. Malam Ilgiz, tsohon nan Batatare, ba ɗan ƙabilarmu ba, mai farin gashi, shi ya gan ta tana kuka a baranda, ya ce ta buɗe hannunta, ya auna yatsunta da nasa, ya ce wannan hannun ba na piyano ba ne, ta biyo shi. Su uku ne a ajinsa har yau, ita da wata Iroda da wani yaro Sanjar mai bakin tsiya. Gogen kuma biyu ne. Ɗaya na makaranta, na katakon banza, an ɗaure wuyansa da ƙusa, yaran suna ce masa Jaki saboda kukansa. Ɗayan na Malam ne na kansa, wanda ya yi shekara talatin yana kaɗawa a gidan wasan kwaikwayo kafin a sallame su, ya girmi Malam ɗin ma, yaran suna ce masa Kaka. A kan Jaki ake koyon sa yatsa, a kan Kaka ake koyon jin murya. Ba zan ɓoye maka ba, tun farko zuciyata ba ta kwanta da abin ba. Na je na tambayi malamarmu Bibi Salomat kafin ta rasu, ta ce malamai sun yi saɓani, in duba ko yarinyar tana sallarta a kan lokaci, ko tana jin magana, in bar sauran ga Allah. Na duba, ban sami abin kamawa ba, na ƙyale ta. Amma shekara huɗu ban taɓa taka makarantar ba, ko ranar da suke wasa a gaban iyaye. Takan ce, Gwaggo, ki zo mana, in ce ina da 'yan karatu. Tana sane da cewa ba wannan ne dalilin ba.

Ka kuma tuna bara, da Malam ya ce a kai ta makarantar kwana ta Tashkent inda ake horar da irinsu, ni ce na rubuto maka na ce kar ka yarda. Na ce shekararta sha uku, ba ta da uwa, wa zai duba ta a can, ta ƙare shekara biyun da suka rage a hannun Malam tukuna. Ka bi maganata. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, sai dai akwai wanda ban faɗa ba. Shekara goma ke nan tun rasuwar matarka Zulfizar da ka ajiye mini yarinyar nan a cinya, Allah bai ba ni nawa ba, kuma ban san yadda gidan nan zai kasance in babu takalminta a bakin ƙofa ba.

To, da aka ba da hutun sanyi, makarantar ta rufe kwana goma. Malam ya ce Nafosat tana da gasar lardi a watan Maris, bai kamata hannunta ya huce ba, ya yi abin da bai taɓa yi wa wani ɗalibi ba, ya ce ta tafi da Kaka gida. Su ukun suka turo shi a kura, an lulluɓe shi da barguna, suna tafiya a hankali cikin dusar ƙanƙara. Maƙwabciyarmu Holida ta leƙo ta ƙofa ta dafe ƙirji, wai innalillahi, wa ya rasu ba a gaya mata ba. Sanjar ya ce mata bai rasu ba tukuna, baƙunta ya zo, ta kawo gurasa. Aka sa shi a ɗakin baƙi, wanda ba ma hura wa wuta. Na ce a kai shi ɗakinmu mai ɗumi, Nafosat ta ce a'a, nan Malam ya ce, kuma Gwaggo don Allah kar ki taɓa shi. Iyakar abin da ta ce ke nan, ban tambayi dalili ba, na ɗauka tsoron kar in kayar da shi take yi. Kullum bayan sallar asuba sai ta sa babbar riga da safar hannu da ta yanke wa yatsu, ta shiga ɗakin nan mai sanyi ta yi ta ja. Inna da ba ta ji, sai ga shi ta ce a matso mata da shimfiɗarta jikin bangon, wai tana jin abin yana shigowa ta katakon ƙasa har cikin ƙashinta, kamar lokacin da jirgin ƙasa ke wucewa bayan gidanmu na dā. Kwana shida muka yi haka, kuma na rantse maka na fara sabawa. Har nakan rage ƙarar kwanuka in ina wanke-wanke.

Ranar ta bakwai, Laraba, sanyin ya fi na kullum. Ta fito shan shayi tana hura yatsunta, ta ce yau Kaka ya yi mura, muryarsa ta toshe, duk yadda ta ja ba ya amsawa. Ta ce za ta je wurin Iroda ta karɓo ƙaron da ake goga wa bakan jan tsirkiya, ko nata ne ya daskare. Ta fita. Ni kuma ina kwashe kayan shayi sai Gwaggo Oynisa ta faɗo mini a rai. Ka tuna ta, Allah ya jiƙanta, in za ta kaɗa bandiri a bikin mata, ni take miƙa wa ta ce, Mastura, kai shi bakin wuta, ki riƙa juya shi, kar ki bar gefe ɗaya. In ya ji ɗumi fatar ta miƙe, sai ka ji muryarsa ta tashi har ƙarshen layi. Haka na ga ana yi tun ina yarinya, haka kowace mace a unguwar nan ta sani, abin kiɗa in ya yi sanyi wuta yake so. Na ce a raina, yarinyar nan shekara huɗu ban taɓa yi mata komai a kan abin da take so ba, bari yau ta dawo ta tarar na yi. Na shiga na rungume shi kamar mai ɗaga tsoho daga shimfiɗa, na jawo shi har ɗakinmu, na jingina shi da matashi taku biyu daga murhu. Na ƙara kwal. Na yi bisimilla. Ina koyar da yara ina tashi ina juya shi, gaba da baya, kar in bar gefe ɗaya. Ina taɓa katakon ina jin ya yi ɗumi kamar gurasar da ta fito daga tanderu, ina jin daɗi a raina.

Bayan azahar yara sun tafi, ina tsince shinkafa, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga a cikin ɗakin. Har Inna sai da ta zabura ta ce wa ya buga ƙofa. Na waiwaya, na ga fuskar gogen ta tsage tun daga ramin da ke gefenta har ƙasa, tsagar ta buɗe yadda ɗan yatsana zai shiga, ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyin ya karkace. Ina tsaye sai wani wuri ya sake amsawa, ƙaramar ƙara, gefen ya rabu da bayan. Ƙanena, zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Abin da ya fara zo mini shi ne in mayar da shi ɗakin baƙi in rufe, in ta dawo a ce sanyi ne ya fasa shi. Har na kama wuyansa. Sai na tuna ni ce nake zaunar da yara tara kullum ina gaya musu amana, na saki, na zauna a ƙasa kusa da shi har ta dawo. Ta shigo da ƙaron a hannu tana dariya, tana ba ni labarin ƙanwar Iroda. Ta ga murhu, ta ga gogen, ta gan ni. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta sa tafin hannunta a kan tsagar kamar mai tare jini. Na ce mata, 'yata, bandiri na tuna, na so muryarsa ta dawo. Ta ɗago ta ce, Gwaggo, dama ba kya so, da kin faɗa mini da baki. Na ce wallahi ba haka ba ne. Ta ce to me ya sa ba ki taɓa zuwa ba ko sau ɗaya.

Washegari ni da kaina na je gidan Malam Ilgiz na faɗa masa, ban bar wa yarinya wannan nauyin ba. Ya saurare ni a bakin ƙofa, ya ɗauki hularsa, muka taho gida tare. Ya cire takalmi, ya gaida Inna yadda ya kamata, sannan ya durƙusa da ƙyar, ya bi tsagar da yatsa daga sama har ƙasa, ya leƙa ciki, ya ƙwanƙwasa bayan ya kara kunne. Na shimfiɗa ledar abinci na kawo gurasa da shayi, ina tunanin ba zai taɓa ba. Ya zauna ya gutsuri gurasar, ya ci. Ya tambaye ni awa nawa, na ce tun hantsi. Ya ce kina juya shi? Na ce ina juyawa. Sai ya yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo, ya ce to ƙanwata, ya gasu ko'ina daidai, hannunki yana da kyau. Ya ce bandiri fata ne, zafi yake so, wannan kuwa itace ne da ya shekara ɗari yana shan iska a hankali, sanyi ba ya kashe shi, bushewar gaggawa ce ke kashe shi. Ya ce laifinsa ne, ya gaya wa yarinya kar a kai shi wurin wuta, bai zo ya gaya wa mai gidan ba, shekara hamsin yana garin nan ya kamata ya san matan Kokand da bandirinsu. Na ce ya daina ɗaukar mini laifina. Na ce ya faɗi duk abin da zan yi. Ya ce babu, in dai ƙara masa shayi. Da zai fita ya tsaya ya ɗora hannu a kafaɗar gogen ya daɗe, ni kuma na juya na kalli bango don in ba shi wuri.

An kai shi wurin wani tsoho mai gyaran kayan kiɗa a Margilan. Ya buɗe shi ya ce tsagar ta bi ta daidai inda ginshiƙin ciki yake tokare, zai iya haɗa shi, amma aikin zai ci shekara, kuma ko ya haɗu muryar dā ba za ta dawo ba. Da aka koma makaranta shugabar ta kira Malam ta ce aji ba zai tsaya a kan goge ɗaya mai wuyan ƙusa ba, babu kuma inda za ta samo wani, a ƙarshen zangon nan za a rufe ajin. Ba muguwar mace ba ce, na gan ta, ita ma idonta ya yi ja. Malam ya ce dama shekarunsa sun kai, Kaka ne ke riƙe da shi, tunda ya kwanta shi ma zai je ya zauna wurin 'yarsa. An cire sunan Nafosat daga gasar lardi. An ce Iroda ta koma ƙaramin goge, ta ce ba ta so, ubanta ya ce to ta zauna ta koyi ɗinki. Sanjar za a mayar da shi ajin masu busa ƙaho. Ka ga abin da wuni ɗaya ya yi, yara uku da tsoho ɗaya. Labari kuwa ya zaga unguwa. A layin tanderu wata ta tambaye ni ko da albasa na gasa shi, Holida ta taso mata ta ce ke da kika wanke wayar mijinki da sabulu ki rufe mana baki. Wata kuma ta kama hannuna ta ce Allah ya saka mini, na raba yarinya da kayan shaiɗan da dabara. Wannan ta fi mai albasar yi mini ciwo, don abin da Nafosat take zato ke nan, kuma ga wata tana yaba mini a kansa.

Makon jiya na ɗauki mayafina na je makarantar, karo na farko. Ban gaya mata ba. Na bi baranda ina jin piyano ta nan, sarewa ta can, har na kai ɗaki na ƙarshe kusa da matakala, ƙofar a ɗan buɗe. Na zauna a benci a waje. Su ukun suna ciki da rigunan sanyinsu, goge ɗaya, Malam a kan kujera da agogo a hannu, kowa minti ashirin. Wanda ba ya kan layi sai ya tsaya a gefe ya miƙa hannun hagu a iska yana danna tsirkiyar da babu, na dama yana ja da bakan da babu. Na ga Iroda tana yin haka hawaye yana zuba, ba ta fasa ba. Na ji Sanjar yana tsokanar Nafosat, wai ta tambayi gwaggonta ko tana karɓar aikin gasa Jaki, shi zai kawo kwal ɗin. Nafosat ta ce ya rufe baki ko ta sa masa bakan a hanci. Malam ya ce duk wanda ya ƙara magana ya rasa minti biyar. Da layinta ya zo ta rungumi Jakin nan ta ja. Ni ban san kiɗa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na san yaron da ya haddace da wanda karatun ya shiga jikinsa, shekara ashirin ina bambanta su da kunne. Abin nan ya shiga jikin 'yarka. Gogen yana kuka yana shaƙewa, ita kuma tana lallashinsa, tana neman wata murya da ta san tana nan amma itacen ba shi da ita. Ta tsaya ta sake, ta tsaya ta sake. Da agogo ya cika Sanjar ne a layi, sai ya tura hannu a aljihu ya ce ta ci gaba, shi dama ƙaho zai koma, a can ba a gasa wa mutum komai. Iroda ma ta ce ta ɗauki nata. Na tashi na fita kafin su gan ni, na tsaya bayan ginin na yi kukana na share.

Malam ya biyo ni, ashe ya hango ni ta ƙofa. Ya ce ya yi waya da wani tsohon ɗalibinsa da ke koyarwa a makarantar Tashkent ɗin nan, har yanzu suna neman masu kontrabas, don yara ba sa son ɗaukar abu mai nauyi. Suna da goge shida masu kyau, da ɗakin kwanan 'yan mata da mai kula da su. Za su saurari Nafosat bayan bikin Navruz na ƙarshen Maris, in ta ci ta fara a watan Satumba. Amma ba za su sa sunanta a jerin waɗanda za a saurara ba sai takardar yardar uba ta isa hannunsu kafin goma ga Maris, da sa hannunka da hatimin shaida, don ni a takarda ba kowa ba ce a wurinta. Ya ce ba ya matsa mini, ya san abin da na ce bara. Ya ce amma in ta shekara biyu ba ta taɓa goge na kirki ba, a wannan shekarun, hannun zai tafi, kuma ba ya dawowa.

Saboda haka, Baban Nafosat, ni da na ce kar ka yarda, ni ce yau nake roƙonka ka yarda. Na yi istihara, na kuma zauna na binciki zuciyata yadda Bibi Salomat ta koya mana, ban yi mata sassauci ba. Ban kai gogen nan bakin wuta da mugun nufi ba, Allah shaida ne. Amma na hana ta tafiya bara don kaina na fake da ƙuruciyarta, kuma na ƙi zuwa in gan ta shekara huɗu ina jira ko za ta gaji ta bari. Da ina zuwa, da na ji Malam ko sau ɗaya yana faɗin yadda ake kula da abin. Tsoron da nake ji game da Tashkent yana nan bai ragu ba. Na bincika, 'yar Kawu Ergash tana aure a can, ta ce za ta riƙa ɗaukarta ranar hutu, kuma jirgin ƙasa awa huɗu ne, zan riƙa zuwa in gwiwar Inna ta bar ni. Ban yarda ka yanke hukunci don tausayina ba. Kar ka ce wa zai zauna da Yaya. Ina da Inna, ina da 'yan karatu, Holida kuma ba ta barin mutum ya yi kaɗaici ko yana so.

Ita Nafosat ba ta san na rubuto ba, ba ta ma san maganar Tashkent ta sake tashi ba, na roƙi Malam ya yi shiru har mu ji daga gare ka, kar a ɗaga mata rai a sake kayar da shi. Wata guda ke nan ba ta yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya. Tana gaishe ni, tana share tsakar gida, tana wanke wa Inna ƙafa, in na zuba abinci ta ci ta ce an gode. Amma ta daina ba ni labari. Dā in ta dawo tun daga ƙofa take farawa, abin da Sanjar ya ce, abin da Malam ya yi, har in ce ta bari in idar da lazimi. Yanzu ina idar da lazimina babu mai katse ni. In ka kira ta don Allah kar ka yi mata faɗa a kan maganar da ta gaya mini, ba ta faɗi abin da ba ta gani ba. Kar kuma ka ce mata ni na roƙa, ba na so ta ga kamar ina sayen yafiyarta da takarda. In za ta yafe mini ta yafe a lokacinta, ko daga can ne.

Takardar makarantar tana cikin ambulan ɗin nan, wuri biyu za ka sa hannu, Malam ya yi alama da fensir. Ravshan mijin 'yar Holida ne zai kawo maka, ranar Juma'a zai tashi. Ka je wurin mai hatimin da ka je wa lokacin takardar gida, ka aiko ta hannun duk wanda ke tahowa ta jirgin sama, kar ka ba masu mota, suna kwana goma a hanya. Na sa maka busasshen inabi da safar ulu biyu, ɗaya Inna ce ta fara saƙawa na ƙarasa.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka, ta ce ka aske gemun nan da ta gani a hoto. Holida da mijinta suna gaisuwa. Ka gaida mini Kawu Ergash in kun haɗu ranar Juma'a, da Bahodir ɗan gidan liman, ka ce masa mahaifiyarsa ta warke, da duk mutanen Kokand da ke tare da kai. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, don Allah ka ba ni amsa da wuri. Kwana ashirin da bakwai suka rage.

Yayarka,
Mastura